Karatun falsafa ya jefa ni cikin shakka, ga Baba yana so in ja tarawihi

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a aji uku a wata jami'a, shekarata 22. Mahaifina limamin masallacin unguwarmu ne, a gabansa na sauke Alƙur'ani ina da shekara 14. A zangon da ya wuce muka fara wani kwas na tarihin falsafar Turai, daga Montaigne da Descartes har zuwa Spinoza da Hume. Da farko don jarrabawa kawai nake karantawa. Amma tun da na ci karo da hujjar Hume a kan mu'ujiza, da maganar Montaigne cewa mutum addinin garin da aka haife shi yake bi, hankalina bai sake kwanciya ba. Ina sallah, amma da na yi kabbara sai tambaya ta faɗo mini: da a wani gidan aka haife ni, da me zan gaskata? Na faɗa wa abokina da muke ɗaki ɗaya, ya ce in yi istigfari in sake kalmar shahada, tun daga ranar yake ja da baya da ni. Lakcaran da ke koyar da mu ya ce shi aikinsa tayar da tambaya ne, amsa kowa ya nemo tasa. Ga azumi ya matso, Baba ya ce bana ni zan ja tarawihi saboda ciwon ƙafarsa. Ina jin kaina kamar munafuki. In bar kwas ɗin ne? In faɗa wa Baba? Ko na riga na fita daga Musulunci ban sani ba? Kusan wata biyu ke nan ban yi barcin kirki ba.

Wani ɗalibi

Wa alaikumus salam, ɗana. Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne layinka na ƙarshe, wata biyu babu barci. Za mu zo kan Hume da sauransu, amma bari in fara sauke maka kayan da ya fi nauyi. Munafuki ba ya kwana yana juyi a kan katifa don tsoron ko ya zama munafuki. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun zo wurin Annabi (SAW) suna cewa suna jin abubuwa a zukatansu waɗanda kowannensu yake ganin girman ya furta su. Ya tambaye su ko da gaske sun ji haka, suka ce e, sai ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Malamai sun yi bayani cewa tsoron nan da ƙyamar da suka ji su ne alamar. Kai ma da ka sauke, ka san aya ta 260 a Suratul Baƙara, inda Annabi Ibrahim ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu, aka ce masa ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, sai dai don zuciyata ta natsu. Ba a kore shi ba saboda wannan roƙo, nuna masa aka yi. Tambaya da ta faɗo maka ba da zaɓinka ba, ka kuma ɗauke ta kana neman wanda zai taimake ka, ba ta fitar da kai daga addini.

Sai dai ba zan yaudare ka in ce maka duk waswasi ne, ka tofa ta hagu ka wuce. Abubuwa biyu ne suka cakuɗe a wasiƙarka. Akwai wanda yake jiran ka ɗaga hannu za ka yi kabbara sannan ya faɗo, ko an ba shi amsa yau gobe ya dawo cikin wata riga. Wannan waswasi ne, kuma biye masa ƙara masa ƙarfi yake yi. Akwai kuma tambaya mai kai da gindi, wadda za ka iya rubuta ta a layi biyu ka miƙa wa wani ya fahimce ta. Wannan kam haƙƙinta a zauna a karanta a yi mata tunani. Abokinka ya ɗauka duk na farkon ne, lakcaranka ya ɗauka duk na biyun ne, shi ya sa ka fito daga wurin kowannensu hannu rabbana.

Mutanen nan da kake karantawa, ina so ka san ƙasar da tambayoyinsu suka tsiro a cikinta, domin takardun lakca sukan tsinko hujja su bar mai hujjar da zamaninsa. A 1517 Martin Luther ya fito da ƙorafinsa a kan cocin Katolika a ƙasar Jamus, Kiristocin Yammacin Turai suka dare gida biyu, Katolika da Furotesta. Tushen rigimar shi ne wa ke da ikon faɗin ma'anar littafi: Paparoma da al'adar coci, ko mai karatu da lamirinsa? Kowane ɓangare ya kawo ma'auni, ɗayan ya ce to shi ma'aunin naka da me aka auna shi? A 1562 yaƙin addini ya ɓarke a Faransa, bai lafa ba sai 1598, kuma a wannan shekarar ta 1562 ne aka buga fassarar Latin ta rubutun Sextus Empiricus, wani tsohon masanin Girka da ya tattara hujjojin masu shakka. A watan Agustan 1572 an kashe dubban 'yan Furotesta a Paris da wasu garuruwa. Daga 1618 zuwa 1648 ƙasashen Jamus suka sha yaƙin shekara 30. Mutumin da ya ga maƙwabci ya yanka maƙwabci, kowannensu yana rantsuwa cewa shi ke da yaƙini, ba abin mamaki ba ne ya tambayi kansa: ni me na sani tabbas? Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan tarihi shi ne, duk da sun shiga ta ƙofa ɗaya, ba wuri ɗaya suka ɓulla ba. Montaigne, wanda maganarsa ta hana ka barci, ya rayu ya mutu ɗan Katolika a 1592. Shakkarsa ta kai shi ga cewa hankalin ɗan Adam ya yi rauni da zai yanke hukunci a kan al'amuran Ubangiji, saboda haka ya zauna a addinin iyayensa, ya kuma ƙyamaci zubar da jini a kan fassara. Descartes ya yi shakkar komai da gangan don ya samo tubalin da ba ya girgiza, daga nan ya gina hujjar samuwar Allah. Spinoza ya tafi nesa ƙwarai, har jama'arsa ta Yahudawan Amstadam ta kore shi a watan Yulin 1656 yana da shekara 23, ya ƙare rayuwarsa yana goge gilasan madubin hange, ra'ayinsa game da Ubangiji da wahayi kuma bai yi daidai da na kowane addini da aka saukar ba. Hume ya mutu a 1776 bai janye shakkarsa ba. Ba zan ɓoye maka waɗannan biyun ba, don in na ɓoye za ka gano, sannan ka daina yarda da sauran maganata. Pascal kuwa, wanda ya fi yawancinsu lissafi, har na'urar ƙidaya ya ƙera yana saurayi, ya ga cewa hankali yana da iyakar da in ya kai dole ya tsaya. A daren 23 ga Nuwamba 1654 wani abu ya same shi na kusantar Ubangiji, ya rubuta shi a 'yar takarda ya ɗinke a cikin shafin rigarsa. Ba wanda ya sani sai bayan mutuwarsa a 1662, da mai yi masa hidima ya ji wani abu mai tauri a jikin rigar ya farke ɗinkin.

Wanda ya fi kama da kai a cikinsu ba ka ma ambace shi ba, Pierre Bayle. Ɗan fasto ne na Furotesta a wani ƙauye a kudancin Faransa. Yana da shekara 21 ya tafi karatu a makarantar limaman Katolika a Tulus, hujjojinsu suka rinjaye shi, ya koma ɗarikarsu a 1669. Ka yi tunanin halin da mahaifinsa ya shiga. Bayan wata 17 ya ƙara karatu, ya ga ya yi gaggawa, ya dawo addinin gidansu, amma dokar Faransa ta lokacin tana hukunta wanda ya shiga Katolika ya fita, dole ya tsere zuwa Janiba. Daga baya ya zauna a Rotadam a ƙasar Holan. A 1685 aka kama yayansa, shi ma fasto, ya mutu a kurkuku. Bayle ya ƙare rayuwarsa yana rubutu a kan cewa ba a tilasta wa zuciya, yana kuma tono raunin kowace hujja da ta zo gabansa, ta masu addini da ta masu falsafa, amma bai bar cocinsa ba har ya mutu a 1706. Har yau masana suna gardama a kan abin da ke cikin zuciyarsa. Ni abin da nake gani a labarinsa shi ne saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya yanke babban hukunci bayan ya ji ɓangare ɗaya, hukuncin ya raba shi da ƙasarsa, alhali ra'ayin da ya sa shi yankewa bai kai shekara biyu a zuciyarsa ba. Kai zango ɗaya ka yi.

To, mu taɓa tambayoyin naka. Ta haihuwa, ba Montaigne ne ya fara yin ta ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗa da bakinsa a cikin littafinsa Munƙiz cewa tun yana matashi ya lura 'ya'yan Nasara suna tashi Nasara, 'ya'yan Yahudu suna tashi Yahudu, 'ya'yan Musulmi suna tashi Musulmi, wannan ne ya zaburar da shi neman gaskiyar abin da ke ƙarƙashin koyi da iyaye. Ya bi ta kan gani, ya ce ido yana kallon inuwa ya rantse a tsaye take, bayan sa'a guda a ga ta gusa, yana kallon tauraro ya ga bai wuce dinari ba, lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Ya ce to in hankali ya ƙaryata ido, wa ya tabbatar babu wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi? Ya ce ya yi kusan wata biyu a cikin wannan ciwo, a zuci ba a baki ba, har Allah Ya yaye masa da wani haske da Ya jefa a ƙirjinsa. Wata biyu, ɗana, kamar naka. Wannan shi ne mutumin da ake kira Hujjatul Islam, wanda Ihya'unsa ƙila yana nan a zauren mahaifinka.

Ita kanta tambayar, abin da take nunawa gaskiya ne: yawancinmu gadon addini muka yi. Amma hanyar da abu ya iso hannunka daban, ingancinsa daban. Lissafin da ka iya ma a makarantar da iyayenka suka zaɓa maka ka koye shi, wannan bai sa ya zama ƙarya ba, bai kuma zama shi ne hujjar gaskiyarsa ba. Kuma wuƙar tana yanka kowa. Da Hume a wani ƙarnin aka haife shi ba a Edinbara ta 1711 ba, da wani tunanin zai yi. In haihuwa tana rushe imani, to tana rushe kafirci ma, ta rushe shakkar kanta. Abin da tambayar take nema a wurinka na halal abu biyu ne: ka binciki abin da ka gada har ya zama naka, ka kuma tausaya wa wanda aka haifa a wani gidan, tunda ka ɗanɗana yadda gado yake riƙe zuciya.

Hujjar Hume a kan mu'ujiza, wadda ya buga a 1748, in ka tace ta karin maganarmu ce, gani ya kori ji. Yana cewa abin da muka saba gani kullum, kamar matacce ba ya tashi, shaida ce mai nauyi ƙwarai, labarin wani cewa an saɓa wa wannan kuwa ji ne, kuma mutane suna ƙarya, suna ruɗuwa, suna son abin al'ajabi, don haka sikeli zai rinjaya wajen abin da aka saba. Akwai gaskiya a ciki da bai kamata ka zubar ba, don ita ce ta sa malaman hadisi suka ƙirƙiro binciken isnadi da sanin halin maruwaita, suka ƙi karɓar labari don kawai yana da daɗin ji. Amma tun Hume yana raye aka mayar masa da martani, cikin masu martanin har da George Campbell, wani malamin coci a Abadin, a 1762. Ɗaya daga cikin abin da ake tuhumar hujjar da shi shi ne, in ka ce ba a taɓa ganin an saɓa wa al'ada ba, ka riga ka ƙaryata duk labaran da ake gardama a kansu kafin a fara shari'ar. Hume da kansa ya kawo misalin wani basaraken Indiya da ya ƙi yarda cewa ruwa yana daskarewa saboda bai taɓa gani ba. Kakanka da bai taɓa barin ƙasar Hausa ba, in an ce masa akwai kogin da ake tafiya a kansa da doki lokacin sanyi, hankalinsa zai ƙi, kuma zai yi kuskure. Wani abin lura kuma, Hume ya ce ba mu taɓa ganin dole tsakanin sababi da abin da ya haifar ba, bi da bi kawai muke gani sai sabo ya ɗaure su. Gazali ya riga shi faɗin kusan haka da wajen shekara 650, da misalin wuta da auduga. Gazali ya fahimci cewa ke nan ƙofar mu'ujiza a buɗe take, Hume bai bi ta nan ba. Ban ce maka wannan ya rufe zancen ba, har yau akwai masana a kowane ɓangare. Cewa nake yi ka ji mai ƙara, ba ka ji wanda ake ƙara ba tukuna.

Yanzu mu dawo gida, don ina zargin kana ɗaukar cewa hankali yana jami'a, zaure kuma sai haddar da babu tambaya. Ina saurayi na taɓa kai wa wani dattijon malami tambaya a kan ƙaddara, bakina yana rawa. Yana zaune a kan buzu yana feƙe alƙalami. Bai ɗago ba sai da ya gama, ya gwada bakin alƙalamin a farcensa, sannan ya ce, wannan tambayar ta girme ka, ta girme ni. Ya miƙa hannu ya ciro wasu takardu daga gafaka, muka yi makonni a kansu bayan la'asar. Ba duk abin da ya faɗa ne ya gamsar da ni a lokacin ba, amma daga ranar na daina jin cewa ni kaɗai ne a duniya. Littafin tauhidin da aka daɗe ana karantawa a zaurukanmu, Ummul Barahin na Shehu Sanusi na Tilimsan da ya rasu a 1490, da hukuncin hankali yake buɗewa: wajibi, mustahili da ja'izi. Malaman wannan fanni sun yi doguwar muhawara a kan imanin mai koyi da bai san hujja ba. Har ta kai wasu ɗalibai a ƙasar nan suna tare talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa amsawa su kafirta shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya riga ya fara wa'azi a shekarar da Hume ya mutu, ya yi rubuce-rubuce yana yaƙar wannan ɗabi'a, yana kare imanin mutanen da ba su iya jera hujja ba. Ka ga gidanku ya san rikicin hankali da imani tun kafin a gina jami'arku.

Abokinka, kada ka riƙe shi a zuciya. Tsoro ne ya kama shi, a kanka da kuma a kansa, ya ba ka maganin da ya sani. Amma bai kamata ya sa ka ji kamar ka yi ridda ba, wannan hukunci ne mai nauyi da manyan malamai suke jin tsoron sakinsa. Ka same shi ku kaɗai ka ce masa: na gode da ka damu da ni, ina sallata, ina neman malami a kan abin da ya shige mini duhu, kuma amana na ba ka, ina roƙon ta tsaya tsakaninmu. Kada ka sake buɗe muhawarar da shi. A nan zan ja kunnenka da babbar murya: kada ka rubuta ko kalma ɗaya ta wannan a Facebook ko a zauren WhatsApp, ko da sunan tambaya. Magana zarar bunu ce, kuma ka san garinmu, ka san yadda ake yanko rabin zance a yaɗa, ka san abin da hakan ya jawo wa wasu. Descartes kansa, da ya ji hukuncin da aka yi wa Galileo, masanin taurari, a Rum a 1633, ya janye wani littafinsa da ya kusa kaiwa ɗab'i. Tunanin da bai nuna ba, ba a kai shi kasuwa.

Lakcaranka yana da gaskiya cewa aji ba mumbari ba ne, bai kamata ya zaɓar maka aƙida ba. Amma wanda ya tura yaro kogi ya kamata ya nuna masa inda mashigi yake. Ka koma ofishinsa da buƙata takamaimiya: ya ba ka sunayen waɗanda suka mayar wa Hume martani, da waɗanda suka kare shi, ka karanta duka biyun a laburare. Wannan aikinsa ne, ba zai ƙi ba. Kwas ɗin kuwa, ban ga dalilin barinsa ba. Tambayoyin sun riga sun shiga, in ka gudu yanzu za su bi ka, su kuma riƙa raɗa maka cewa tsoro ne ya kore ka. Sai dai in ka ga lafiyarka tana taɓuwa sosai, jinkirta shi zuwa wani zangon ba abin kunya ba ne.

Abin da ka fi buƙata shi ne mutum ɗaya da ya sha daga rijiyoyin biyu, ya san ilimin tauhidi da usulu, ya kuma san falsafa ko aƙalla ba ya firgita da ita. Ana samun irinsu a sassan nazarin addinin Musulunci da Larabci da falsafa na jami'o'i, ana kuma samunsu a zaure. Ka gwada shi da ƙaramar tambaya tukuna. In ya haɗe rai ya tambaye ka wa ya aiko ka, ka yi godiya ka tashi. In ya ce zauna, to ka samu. Kafin nan ka sayi ɗan littafin rubutu, ka ware sa'a ɗaya da rana, ba da dare ba, ka rubuta kowace tambaya a layi biyu. Wadda ta faɗo maka a sallah ka ce mata lokacinki yana zuwa, ka ci gaba da Fatiharka. Za ka ga wasu da an rubuta su sun kankance, wasu sun rage da nauyinsu, waɗannan su za ka kai wa malamin.

Kada ka bar sallah kana jiran sai ka gama bincike. Descartes, mai shakkar komai da gangan, ya ce wanda zai rushe gidansa ya sake gini dole ya tanadi inda zai kwana kafin aikin ya ƙare, kuma a cikin ƙa'idodin da ya ɗora wa kansa na wannan tsakanin har da riƙe addinin da aka rene shi a ciki. Kai ba ma rushewa kake yi ba, duba katanga kake yi ko akwai tsaga. Mai duba katanga ba ya kwashe kayansa ya koma fili, ga damina.

Saura Baba da tarawihi. Bisa abin da na sani, tunanin da yake zuwa wa mutum ba da sonsa ba, yana ƙinsa, ba ya ɓata sallarsa ko limancinsa, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Kai wa wani kuka don neman magani bai shiga wannan furucin ba, ai sahabban nan ma faɗa suka yi. Ka tabbatar da wannan a wurin malamin da za ka samu. In ka ji za ka iya, ka ja sallar, sau da yawa tsayuwa da Alƙur'ani dare 30 tana yi wa zuciya abin da muhawara ba ta yi. In ka ji nauyin ya fi ƙarfinka, akwai tsaka-tsaki: ku raba raka'o'in da wani alaramma, ko shi ya ja kai ka tsaya bayansa kana gyara masa karatu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ƙirƙiro wa mahaifinka ƙarya, ko ka ƙi zuwa hutu don ka kauce masa.

Faɗa masa kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai ka san halin mahaifinka. Amma ban ga amfanin ka juye masa komai a zama ɗaya ba, ga ciwo ga azumi, da sunayen mutanen da bai taɓa ji ba. Zai ji abu ɗaya ne kawai, cewa boko ya cinye masa ɗa. Ka je masa a matsayin ɗalibi. Bayan sallar asuba, in mutane sun watse, ka ce: Baba, a makaranta muna karanta shubuhohin masana falsafa, wasu sun tsaya mini a rai, ina so ka biya mini tauhidi daga farko. Babu ƙarya a cikin wannan ko ɗaya. Ina kyautata zaton zai ji daɗi, ƙila ma ka tarar ya taɓa bin wannan hanyar bai taɓa faɗa wa kowa ba. In kuma ka ga ransa ya fara ɓaci, ka tsaya a nan, ka bar sauran wa malamin waje. Mahaifiyarka kuma, ko ba ta san Hume ba, ta san fuskar ɗanta. In ta tambaye ka, ka ce mata karatu ya yi maka nauyi kana neman addu'a.

Ba zan yi maka alkawarin cewa kafin Sallah komai zai warware ba. Wasu tambayoyin shekaru suke ɗauka, wasu kuma mutum yana rayuwa da su yana sallarsa, kamar yadda ake rayuwa da tsohon tabo. Ni Musulmi ne, fatana da addu'ata ka fito da imanin da ya fi wanda ka shiga da shi ƙarfi. Amma ko a ina ka tsinci kanka a tsakiyar tafiyar, kada ka ce wa zuciyarka ta gamsu alhali ba ta gamsu ba, kada kuma ka ce mata ta ƙaryata alhali tambaya kawai take yi.

Barcin nan kuma kada ka raina shi. Hume da kansa ya rubuta cewa in tunani ya kai shi bango yakan tashi ya ci abinci, ya yi wasan dara irin tasu, ya yi hira da abokai, in ya dawo sai ya ga abin ya yi sanyi. Ƙwaƙwalwar da ta yi wata biyu ba hutu tana mayar da kowace tambaya dodo. Ka ajiye waya da littattafan falsafa daga isha'i, ka fita ƙwallo ko tattaki da yamma, ka ci abinci cikin mutane. In mako biyu suka wuce barcin bai dawo ba, ko ka fara jin rayuwa ta fita daga ranka, ka je asibitin makaranta ka ga likita a ranar, ka faɗa masa rashin barcin da damuwar, ba sai ka ba shi labarin Spinoza ba. Ka sake rubuto mini bayan goman farko na azumi, ina so in ji ko ka samu malamin, da yadda kuka yi da Baba, da kuma sa'a nawa kake barci. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sanyaya maka zuciya.